Gonar Babanmu ta shekara 40, wani ya zo da takarda

Audu Gadarif:
Assalamu alaikum jama'a. Shawarar manya nake nema. Muna da gona kudu da Gadarif a gabashin Sudan, faddan 30 ko ɗan sama da haka, dawa muke sakawa da ɗan simsim, wato riɗi, ta gefen kwari. Marigayi Babanmu ne ya sare ta tun ba a haife ni ba, da gatari ya bi kututturen ƙaya ɗaya bayan ɗaya, har ya koma ga Allah tabon saran yana nan a ƙwaurinsa. Shekaranjiya wani mutum ya zo da boksi, wato motar a-kori-kura, shi da mai awo, suka kakkafa ƙarafa. Ya nuna mana takarda mai hatimi, wai gonarmu ta faɗa cikin mashru'insa, wato babbar gonar inji da hukuma ta ba shi haya, mai faddan 1000. Bai ɗaga murya ba, har shayi ya sha a rumfarmu. Ya ce bana mu noma, baɗi ko mu biya ijara, wato kuɗin haya, ko mu nemi wani wuri. Mu kuwa abin da ke hannunmu rasiɗan haraji ne a cikin tsohuwar jakar Baba, sai shehun ƙauye da ya san komai. Ina zan dosa?

Nura Kano:
Innalillahi. Allah ya jiƙan Baba. Ku yi haƙuri da baƙo, faddan nawa ne a eka?

Sani Makka:
Kusan ɗaya suke Nura, faddan ya ɗara eka da kaɗan. Hekta ɗaya ta kai faddan 2 da 'yan kai.

Ustaz Haruna:
Wa alaikumus salam Audu. Zan gaya maka abin da ba za ka so ji ba. A idon doka gonar nan ba taku ba ce, shi ma ba tasa ba ce, ta hukuma ce. Abin da ya fi ku da shi kawai, tasa hayar a rubuce take.

Abin ya samo asali tun Turawa. Kitchener, kwamandan Turawan Ingila, ya ci Omdurman a 1898, shekara na zagayowa suka fito da dokar mallakar ƙasa aka fara rajista. A 1925 aka yi babbar dokar rajista, ita ta ce daji da duk ƙasar da ba kowa a kanta a ɗauka ta gwamnati ce sai in wani ya kawo hujja. To ina masu littafin suka taka? Bakin Nilu daga Khartum zuwa arewa inda ake noman sagiya, wato ban ruwa da keken da shanu ke juyawa, sai Jazira, sai cikin manyan garuruwa. Mutanen nan su suka sami mulk hur, wato cikakkiyar mallaka: kana da shahadar bahas, takardar shaidar rajista, ka sayar in ka so, ka jinginar a banki, 'ya'yanka su gada. Kordofan, Darfur, Nil Azrak da yawancin gabas aka bar su hannun sarakunan gargajiya, nazir da umda da shehu, kowa na noma bisa al'ada.

Numairi ya hau a 1969. A 1970 ya yi dokar ƙasar da ba ta da rajista, aka wayi gari duk abin da ba ya cikin littafi ya zama na gwamnati, ba diyya. Abin da ba ya cikin littafin kuwa ya kai kashi 90 cikin 100 na ƙasar Sudan. A ɗan tsakanin nan kuma ya rushe idara ahliyya, wato su nazir ɗin da za su tsaya su ce gonar wane ce an karɓe musu sanda. Dokar mu'amalat madaniyya ta 1984 ta maye gurbin ta 1970, ƙasa dai tana nan ta gwamnati, amma ta yarda wanda ya raya ƙasa yana da haƙƙin manfa'a, wato na cin amfaninta. Wannan ita ce 'yar igiyar da za ka kama, Audu. Kada rasiɗan nan su jiƙe.

Audu Gadarif:
Ustaz, wato shekara 40 haya muke zaune ba mu sani ba?

Ustaz Haruna:
Ku da miliyoyin mutane.

Alhaji Isa Mai Tarakta:
Ina jajanta maka ɗana, amma a yi adalci. Da an ambaci mai mashru sai a ɗauka ɓarawo ne. Ni ma ina da mashru, da takardata, da kuɗina na biya rusum, wato kuɗin hukuma, kowace shekara ina sabunta. Kun san abin da ake kashewa kafin buhu ɗaya ya shiga kasuwar amfanin gona? Gas, garmar disk, kuɗin kadib wato cirar ciyawa, kuɗin yanka, ga bashin banki a wuya. In ruwa ya tsaya a Agusta mai mashru ne ke kwana a kurkuku, ba jongo ɗan ƙwadago ba. Dawar da Sudan ke ci daga ina take fitowa? Da fartanya za a ciyar da Khartum? Kuma mu Hausawa mu faɗa wa kanmu gaskiya, lokacin da wasu ke layi a ofis suna neman takarda, namu na cewa me za mu yi da ita, mu da muke kan hanyar Makka. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Hajja Asabe:
Alhaji, wa ya gaya wa na ƙauye an buɗe layi?

Ustaz Haruna:
Tambayar kenan Hajja. Alhaji, ba wanda ya ce kai ka ƙwace na wani. Amma duba yadda aka tsara rabon. Noman injin nan a Gadambaliya aka fara shi wajen 1945, don ciyar da sojan Ingila. A 1968 aka kafa hukumar noman inji da tallafin Bankin Duniya, aka yanka daji murabba'i-murabba'i, faddan 1000, daga baya 1500, haya mai tsawo, kuɗin hayar kamar kyauta. Sharaɗin shi ne ka nuna kana da jarin da za ka sayi tarakta. Wa ke da wannan a 1968? 'Yan kasuwar birni, manyan ma'aikata da hafsoshi masu ritaya. Mutum na zaune a Omdurman, wakili ke masa noma, bai san ƙamshin ƙasar ba. Da yake an ƙayyade abin da mutum ɗaya zai riƙe, sai a rubuta ɗaya da sunan mata, ɗaya da sunan ƙane, ɗaya da sunan yaron da ke makarantar firamare. Ban da waɗanda suka shiga daji da kansu suka share, ake ce musu kharij takhtit, wato na wajen tsari, daga baya a halatta musu. A kan taswira wurin fili ne fari fat. A ƙasa kuwa akwai ƙauye, akwai bildat, wato ƙananan gonakin gargajiya irin ta su Audu, akwai burtalin shanu. Habila a tsaunukan Nuba haka aka yi, je ka tambayi mutanen can me ya tura samarinsu daji a shekarun 1980.

Alhaji Isa Mai Tarakta:
Wannan na sunan mata da ƙanne gaskiya ne, na san gidajen da suka yi. Ni dai ɗaya gare ni.

Baba Alhaji Maiwurno:
(Jikansu ne ke rubutawa, Baba ke faɗa.) Ina gaishe ku duka. Isa, maganar "muna kan hanya" da ka yi akwai gaskiya a ciki, amma rabinta ka faɗa. Kakanninmu sun taso daga ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi da Turawa a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Maiwurno ya ja jama'a gabas, suka sauka bakin Nil Azrak kusa da Sinnar wajen 1906. Niyya Makka ce, ba wanda ya musa. Na taso na tarar da tsoffin da ba sa yarda su yi ginin jan bulo, wai kada ƙafa ta yi nauyi. Amma ƙasar da Sultan Maiwurno ya zauna a kai ba sata ya yi ba, hukumar lokacin ce ta ba shi, jama'arsa suka sare daji suka kafa ƙauyuka a bakin kogi.

Kuma ba gaskiya ba ne a ce namu ba su taɓa riƙe hawasha a Jazira ba. Lokacin da farashin auduga ya karye a farkon shekarun 1930, masu hawasha da yawa suka watsar suka tafi, don wahala ce ba riba. Mufattishai, wato sufetocin kamfanin auduga na Turawa, suka riƙa ba namu, don sun ga ba ma gudun aiki. Mahaifina ya riƙe ɗaya. Da auduga ta yi daraja bayan yaƙin duniya, ga dokar jinsiyya, wato ta zama ɗan ƙasa, ta 1948 ta fito, aka ce sai ɗan ƙasa zai sami hawasha, ɗan ƙasa kuwa sai wanda zuriyarsa ke nan tun kafin shigowar Turawa. Wanda ya zo 1906 ya makara da 'yan shekaru. Daga nan ƙofa ta rufe. To a ce mana wa ya yi barci a nan.

Sani Makka:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Wannan ban taɓa jin sa ba wallahi.

Nura Kano:
Baba, a yi min bayanin hawasha. Gona ce mutum ya saya?

Ustaz Haruna:
A'a Nura. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, gwamnati ba ta sayi ƙasar Jazira ba, hayar dole ta karɓa daga masu ita, girshi 10 kowane faddan a shekara, na tsawon shekara 40. Sai ta yanka ta hawasha-hawasha, faddan 30 da farko, ta raba wa manoma su yi auduga don masaƙun Lancashire. Manomi na da kashi 40 na ribar, 60 tsakanin gwamnati da kamfanin Turawa. Masu ƙasa su aka fara ba hawasha, wanda tasa ke da faɗi kuma aka ba shi dama ya zaɓi waɗanda za a ba sauran, sai ya cika da danginsa da yaransa. Ka ga mai shi tun da, shi ya ƙara samu. A 1950 kamfani ya tafi, hukumar Jazira da ke Barakat ta karɓa, aka ƙara yankin Managil, duka ya kai faddan miliyan 2. Abin dariya, su ma masu mulk hur ɗin kuka suke: wa'adin shekara 40 ya cika tun shekarun 1960, jikokinsu na ta bin bashin haya, dokar Jazira ta 2005 ma ba ta kashe maganar ba.

Hajja Asabe:
Ustaz ka yi lissafin masu ƙasa da masu hawasha, ka bar mu. Ni a kambo aka haife ni, wato zangon 'yan ƙwadago, tsakanin tur'a, babbar hanyar ban ruwa, da ƙaramarta da ake kira Abu Ishirin. Uwata ma a nan aka haife ta. Mu ne masu tsinkar auduga, tun asuba da ƙunzugu a ɗaure, yatsu duk sun farfashe da ƙayar kwanso. Daga baya mu ne masu sharaka: mai hawasha na Madani ko Jidda, mu mu yi shuka, mu yi ban ruwa, mu yi cira, in gyaɗa ta fito a raba biyu. Wani lokaci kuma dugundi, ka biya kuɗi a hannu a ba ka shekara ɗaya. Amma filin da bukkarmu ke kai ba namu ba ne. Ruwan tur'a muke sha, wanda jaki ke sha, shi ya sa bilharziya, wato tsargiya, ba ta bar yaro ko ɗaya ba. In ka ɗora bulo a ce wa ya ba ka izini, kambo ba ƙauye ba ne. Ranar da kakata ta rasu sai da maza suka je roƙon wurin binne ta a maƙabartar ƙauyen da ke kusa, aka yi ta kai da komo har la'asar gawa na kwance a ɗaki. Mata uku a jere, kaka da uwa da ni, a wuri ɗaya, kuma har yau baƙi ne mu. Ba mu kaɗai ba, da mutanen Darfur muke zaune, Tama da Masalit da Fur da Zagawa, duk jirgi ɗaya ya kwaso mu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yanzu ma ina Gadarif ne a gidan ƙanwata, tun da Madani ta faɗa hannun mayaƙan RSF a Disambar 2023 muka fito. Hare-haren da aka kai wa mutanen kanabi, wato kambo-kambo irin namu, a Janairun 2025 kun ji su. Ina son komawa, amma in koma wa me? Ko bukkar ba ni da takardar da zan ce tawa ce.

Audu Gadarif:
Gwaggo, kin sa na ji kunyar kukana.

Hajja Asabe:
Kada ka ji, ɗana. Kai ka riƙe taka da kyau kada ka dawo irinmu.

Garba Damazin:
Duk wannan zagaye-zagaye ne. Matsalarmu ɗaya ce, ba mu da dar. A ƙasar nan kowace ƙabila na da yankin da ake kira da sunanta, nazirinta ke da magana a kai. A Darfur hakura ce, wato ƙasar da sarki ya ba wani, tun zamanin sarakunan Fur, da hatimin sultan. A Sinnar sarakunan Funj sun yi ta ba malamai da manyan mutane ƙasa da wasiƙa tun kafin Turkawa su zo a 1821. Mu fa? Shekara sama da 100 muna noma jarf, wato fadamar bakin kogi, muna kamun kifi a Rusairis, muna biyan haraji, ranar da muka ce a ba mu imara, wato sarautar kanmu, a Nil Azrak sai aka ce baƙo ba ya sarauta a ƙasar wani. Kun ga abin da ya biyo baya a Yulin 2022, aka kashe mutum sama da 100 cikin 'yan kwanaki, a Oktoba kuma aka sake a Wad al-Mahi. Ni na ɗauki gawa da hannuna. Kada wanda ya zo ya ce min takarda.

Admin:
Garba, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, namu da nasu. Ina roƙo kada a ambaci wata ƙabila da zagi a nan. Wanda ya yi zan goge.

Ustaz Haruna:
Garba ƙanena, ban raina abin da ka gani ba. Amma ka lura da wani abu. Mutanen da muka yi rikici da su a Nil Azrak, su ma fa ba su da rajista. Tun shekarun 1970 ake yanka manyan mashari, wato gonakin mashru, a ƙasarsu ana ba kamfanoni da 'yan kasuwar da ba 'yan yankin ba. Da aka ƙara tsawon madatsar Rusairis aka gama a 2013, ruwa ya ci ƙauyuka da jarf, aka kwashe mutane, namu da nasu, aka zuba a sababbin garuruwa. Abin da ya rage musu shi ne sunan cewa ƙasar kakanninsu ce. Da suka ji imara, abin da kunnensu ya ji shi ne wannan ma za a raba. Mai faddan 5 ya kashe mai faddan 5, mai dubu 50 ko ƙura ba ta taɓa shi ba. Ni ban ga yadda imara za ta hana mai boksi kafa ƙarfe a gonar Audu ba. Akwai nazirori a Gadarif, sun hana?

Garba Damazin:
Ba su hana ba, amma in ɗan gidansu ne ana jin kunyar kafawa. Kai malamin makaranta ne Ustaz, kana ganin doka. Ni ina ganin wanda ake tashi tsaye in ya shigo ofis.

Ustaz Haruna:
Wannan kam ban musa ba.

Malam Tijjani:
A shari'a dai magana a fili take. Hadisi ya tabbata cewa wanda ya raya matacciyar ƙasa tasa ce. Malamai sun yi saɓani kan izinin shugaba: Abu Hanifa ya sharɗanta shi, Shafi'i bai sharɗanta ba, Malikiyya suka ce in kusa da gari ne a nemi izini, in nesa ne ba sai an nema ba. Baban Audu daji ya sara, shehun wuri ya sani bai hana ba. Ban ga ta inda takarda ta baya za ta share gatarin farko ba.

Alhaji Isa Mai Tarakta:
Allah ya gafarta Malam, alƙalin ba littafin fiƙihu na Mukhtasar zai buɗe ba, taswira zai buɗe.

Sani Makka:
Ni abin da ke ba ni mamaki daga nan Saudiyya, ƙasar da aka ce ba ta isa a ba ɗan kambo mita 300 ya yi ɗaki ba, ita ce a 2016 majalisa ta amince a ba Saudiyya faddan miliyan 1 a yankin Atbara ta sama da Sitit na shekara 99. Nan sun ga ruwan ƙarƙashin ƙasarsu na ƙarewa, suka rage noman alkama, suka taƙaita noman ciyawa, sai a noma ciyawar barsim a Sudan a loda a jirgi daga Port Sudan shanunsu su ci. Ban ga laifinsu ba, kowa gidansa yake gyarawa. Kuma kada ku ɗauka mu nan mun tsira. Da aka zo rusau a tsofaffin unguwannin Jidda daga ƙarshen 2021, mai sakk, wato takardar mallakar gida, ne ya san inda zai dosa. Namu da suka shekara 50 a unguwa ba sakk ba jinsiyya, kaya kawai suka kwashe.

Nura Kano:
Mu ma fa a Najeriya tun dokar 1978 ƙasa na hannun gwamna. Gonakin bakin Kano duk sun zama fulotai, mai gona a ba shi abin da bai kai kuɗin akuya goma ba. Ashe ko'ina haka ne.

Hajja Asabe:
Ba ɗaya ba ne Nura. Kai in an karɓe gonarka ba a ce maka koma ƙasarku.

Nura Kano:
Haka ne Hajiya, na karɓi gyara.

Alhaji Isa Mai Tarakta:
To a bar tarihi a taimaki yaro. Audu, ji nan. Kada ka cire ƙarfen nan, kada ka bari yaranku su taɓa shi, da shi za a kama ku. Kada kuma ka sa hannu ko ɗan yatsa a kowace takarda, musamman ta ijara, ranar da ka biya jineh ɗaya ka shaida da kanka cewa gonarsa ce. Ka nemi lambar mashru'in da shekarar da aka ba shi. Sau da yawa takardar gaskiya ce amma awon ne ake ja ya haɗiye na gefe, wani lokaci kuma an daɗe ba a sabunta ta ba. Kuma a ƙa'ida ana barin abin da ake kira haram ɗin ƙauye ga kowane ƙauye, wato filin da mashru ba ya shiga. Ku nawa abin ya shafa?

Audu Gadarif:
Gida 11 ne Alhaji. Akwai ma Masalit biyu da wani Bahabashe da ya daɗe a nan.

Alhaji Isa Mai Tarakta:
Madalla, ku tafi tare, kada a ce rigimar Hausawa ce. Shehu ya rubuta shaida, umda ya buga hatimi, ku sami tsofaffi uku da suka ga saran dajin da idonsu.

Ustaz Haruna:
Ka ga amfanin mai mashru a cikin zaure. Audu, ka ɗauki hoton rasiɗan nan ɗaya bayan ɗaya ka turo min ta akwati, in jera su bisa shekara. Mafi tsufa shi ne zinariya.

Baba Alhaji Maiwurno:
(Jikansu.) Baba ya ce a tambayi Audu, itacen da ke kan iyaka, wanda mahaifinsa ya bari bai sare ba, yana nan? Ya ce tsoffin manoma ba sa share gona tas, sukan bar aduwa ko tsamiya a kusurwa, kuma kowa a ƙauye ya san ta wane ce.

Audu Gadarif:
Akwai aduwa biyu Baba, ɗaya gabas ɗaya kudu. A ƙarƙashin ta kudun muke ajiye tulu. Ƙarfen nasu taku bakwai ne daga gindinta.

Garba Damazin:
Ka ɗauki hotonta yau, kafin gobe ka tarar an yi gawayi da ita.

Audu Gadarif:
Na aiki ƙanena da waya yanzu. Ustaz, na buɗe jakar, rasiɗai 23 ne, wasu gara ta ci gefensu. Akwai guda da ban iya karanta shekarar ba, hatimin ya bi ta kai. In turo har da shi?

Ustaz Haruna:
Turo duka, har wanda gara ta ci. Ka ɗora shi kan farin ƙyalle, ka ɗauka a hasken rana.